Bangon da Ke Shan Fenti

Shekara goma sha tara yayana ya yi yana shafe zanen mutane, alhali a duk unguwarmu babu hannun da ya kai nasa iya zane. Wannan abu ya daɗe yana ba ni haushi, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. A ma'aikatar tsaftar gari yake aiki. Duk bangon da matasa suka fesa wa fenti, ko suka zana wani abu a kai ba da izini ba, shi da abokan aikinsa ake turawa da bokiti da rola su mayar da shi ruwan toka. A nan ya samo sunan Mai Toka. Har direban bas ɗin da yake shiga kullum haka yake kiransa, shi kuma ya amsa hankali kwance kamar sunan yanka.

Da can allunan shaguna yake rubutawa. Kawunan da ke jikin shagon aski, takalman da ke ƙofar mai gyaran takalmi, duk aikinsa ne. Ya taɓa zana wa mai sayar da kifi wani ƙaton kifi, sai wata tsohuwa ta tsaya ta ƙare masa kallo ta ce wannan kifin kwanan jiya ne, idonsa ya mutu. Mutane suka yi dariya, Yaya bai yi ba. Ya dawo washegari da farin fenti, ya tsoma ƙaramin yatsansa ya ɗiga a cikin idon kifin, sai ga shi kamar yanzu aka tsamo shi daga ruwa. Tun daga ranar, komai ya zana, ido ne ƙarshen abin da yake taɓawa, kuma da yatsa yake saka wannan ɗigon, ba da burushi ba.

Sai injinan buga allo suka shigo gari. Abin da Yaya yake kwana uku yana yi, injin ya fitar da shi a leda mai sheƙi kafin mai shago ya gama shan shayinsa. Yaya bai yi ƙorafi ba, don shi ba ya ƙorafi, ni ce nake yi masa. Ya wanke burusansa ya ɗaure su da tsumma ya ɗora a saman kabad, ya je ya karɓi rola. Amma ya tafi da wata ɗabi'a da ta zama abin tsokana a wurin aiki. Kafin ya shafe kowane zane sai ya tsaya ya dube shi da kyau. In mai zanen ya yi ƙoƙari, sai ya ce wa bangon, “Sannu da aiki,” sannan ya tsoma rola. In shirme ne, ya shafe ba tare da ya ce uffan ba.

Matarsa ta rasu 'yarsu tana da shekara goma sha huɗu, Allah ya jiƙanta. Ni a lokacin aurena ya ƙare, sai na kwaso keken ɗinkina na dawo gidansa na riƙe yarinyar. Bahaguwa muke kiranta, don da hagu take komai, kuma duk dukan hannun da malamai suka yi mata bai sa ta canza ba. Taurin kan nan na ubanta ne, sai dai nata yana da baki. Tun tana rarrafe take jagwalgwala masa fenti, kafin ta gama sakandare ta fi shi iya zana fuska. Ya san haka, kuma a gabana bai taɓa faɗa mata ba. Iyakarsa ya dubi takardar ya ce, “Kunnen ya yi sama da yawa,” ya wuce.

Hoton uwarta ɗaya tak muke da shi, irin ɗan ƙaramin nan na katin shaida, ta ɗaure fuska kamar an kama ta da laifi. Ko kusa bai yi kama da ita ba, don matar Yaya mai fara'a ce. Bahaguwa takan ce tana tsoron ranar da za ta rufe ido ta kasa ganin fuskar Ummanta sai ta cikin katin nan.

Tana da shekara ashirin da biyu ta yi abin da ta yi. A bayan tsohon sito, daidai inda ake jiran bas, akwai wani dogon bango mai ɗan rufin kwano a samansa. Nan uwarta take tsayawa kullum in za ta kasuwa. Bahaguwa ta ɗauki tsohuwar rigar aikin ubanta, mai ƙyallin nan da tambarin ma'aikata a baya, ta aro tsani, ta je da rana tsaka ta kama aiki. Wa zai tambayi mai rigar ma'aikata? Har ɗan sanda ya riƙe mata bokiti ta sauko. Kwana huɗu ta yi, mu a gida muna zaton tana wurin neman aiki. Ta zana uwarta, tsayinta ya kai na mutum uku, tana zura zare a allura, ta kanne ido ɗaya, leɓenta a ɗan karkace yadda takan yi in zaren ya ƙi shiga. Saura ɗigon ido kawai, ta bar shi sai washegari don fentin ya sha iska.

Washegarin tana cikin bas, da ɗan gwangwanin farin fenti a jakarta, ta hango ubanta a kan tsani. Ya riga ya shafe hannun da allurar, rolarsa tana hawa kan kumatun.

Da yamma ina tsakar gida ina guga ya shigo, ya tsuguna bakin famfo yana wanke hannu. Ta fito daga ɗaki ta tsaya a kansa.

“Na gan ka, Baba. Ina cikin bas.”

Bai ɗago ba.

“Umma ce fa. Ko ba ka gane ta ba?”

“Na gane ta.”

“Ka gane ta, ka shafe ta.”

“Aiki ne,” in ji shi.

Ta ce, “Sau biyu ke nan ka binne ta.” Ba da ihu ta faɗa ba, da ma ta yi ihun ya fi sauƙi. Ni da na ji labarin yadda abin ya faru, bayanta na bi, har na ce masa da ni ce da na ajiye musu rolarsu na taho gida. Ya ci gaba da murza yatsunsa a ƙarƙashin famfo. Kullum da kananzir yake wanke fentin ma'aikata, don fentin mai ne, ruwa ba ya fitar da shi. Ranar da ruwa zalla ya wanke, hannun kuma ya fita tas. Na gani da idona, amma fushi bai bar ni na yi tunanin komai ba.

Sati biyu bayan haka ta haɗa jaka ta tafi. Ta canza lambar waya, ni kaɗai ta ba, da sharaɗin kar na ba shi. Shi ma bai tambaya ba.

Shekara bakwai suka wuce a haka. Ta fara da wani gari, ta tsallaka wata ƙasa, daga nan wata. Ashe abin da ake kama mutum a kansa a nan, a wasu wuraren gayyatarka ake yi ka zo ka yi. Takan turo min hotuna a waya: ga ta a cikin wani kwando da inji ya ɗaga, tana zana tsohon masunci a jikin gini mai hawa goma, ta naɗe wuya da mayafin sanyi. Ga ta a ƙarƙashin gada da wasu mata uku, kowacce da takunkumi a hanci. Ta ce a wani garin hukuma ce ke ba su fenti, a garin da ke maƙwabtaka da shi kuma gudu suke yi in sun hango motar 'yan sanda. Ni dai addu'ata kar ta faɗo daga kwandon nan.

In hoto ya shigo, sai na ajiye wayar a kan keken ɗinki na shiga kicin da gangan. Yaya zai zo wai yana neman almakashi. Mutumin da ko maɓalli bai taɓa ɗinkawa ba, me zai yi da almakashi? Zan jiyo shi yana jan numfashi, in na fito ya ce, “Inuwar ƙarƙashin haɓar ta yi nauyi,” ko kuma, “Wa ya riƙe mata tsanin nan?” Bai taɓa cewa in gaishe ta ba, ni ma ban taɓa gaya mata yana kallo ba. Na bar su da halinsu, kowa ya ji da nasa.

A cikin shekarun nan wani abu ya dinga ɗaure min kai. Sitacin da nake saka wa kayan ɗinki ya dinga ƙarewa ba dalili, musamman da damina. Na zargi ɓera, na zargi maƙwabciyata, har muka yi wata uku gaisuwa sama-sama. Sannan in aka yi ruwa mai ƙarfi, Yaya ba ya jiran karin kumallo, zai ɗauki bokiti ya fita tun kafin lokacin aiki. Dogo, abokin aikinsa, ya taɓa ba ni labari yana dariya cewa akwai wani bango a bayan sito da Mai Toka ya hana kowa taɓawa. Ya gaya wa shugabansu wai bangon yana da danshi, shan fenti yake yi, sai wanda ya san halinsa. A ma'aikata har suna cewa Mai Toka ya yi sabuwar amarya a bayan sito. Na ce a raina, ai dole, mai laifi ba ya rabuwa da wurin da ya yi laifi.

Saura kwana goma ya yi ritaya na kama shi. Na dawo daga kai ɗinki na same shi a bayan kicin, yana juya wani abu a bokiti da guntun katako, ga ledar sitacina a buɗe kusa da ƙafarsa.

“Yaya, ashe kai ne ɓeran?”

Ya dube ni kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Na leƙa bokitin. Garin alli ne, da ɗan baƙin gawayi, da sitaci, an dama da ruwa. Launinsa sak fentin ma'aikata.

“Wannan ba fenti ba ne,” na ce.

“Ba fenti ba ne.”

“To mene ne?”

“Abin da ruwa zai wanke.”

Na jawo turmi na zauna. A hankali, ina ciro maganar daga bakinsa kamar mai cire ƙaya, ya gaya min. Ranar da aka tura su bangon, yana sauka daga mota ya ga matarsa. Ya ce wa Dogo su wuce wani wurin, shi zai ji da wannan. Ya je ya sayi alli, ya dama a bayan sito, ya rufe ta da shi. Fentin da Bahaguwa ta yi amfani da shi na mai ne, alli ba zai kama shi ba, zama kawai zai yi a kai. Amma duk ruwan da iska ta kaɗo ƙarƙashin kwanon sai ya ɗan zaizaye, don haka yake riga kowa zuwa. Wani lokaci babban yatsan matar tasa ne zai leƙo, wani lokaci gefen ɗankwalinta. Zai tsaya ya gan su, sannan ya sake rufewa kafin wani ya kai rahoto a turo masu fentin gaske.

“Shekara bakwai, Yaya. Bakinka ciwo yake yi? Me ya hana ka gaya mata a ranar?”

“A ofis ana neman wanda ya yi zanen da rigar ma'aikata. In ta san yana nan, za ta koma ta saka idon. Kin san ta. A kan tsanin za su kama ta.”

“To bayan ta tafi fa?”

Ya daɗe yana juya katakon. “Ban taɓa wanke shi duka na gani ba. In na ce mata yana nan, aka wanke aka tarar ya lalace, na kashe mata shi sau biyu.”

Na zage shi, Allah ya yafe min, yayana ne amma na zage shi, ina yi ina kuka. Da na gama sai ya ce akwai sauran magana. Daga Litinin ɗin da ke bayan ritayarsa, an ba wani kamfani aikin, su da inji suke fesawa, fentin mai, bango bayan bango. Wannan karon babu mai danshi babu mara danshi.

A lokacin Bahaguwa tana ƙasar nan, an gayyato ta zana bangon wani asibitin yara a wani gari mai nisan kwana ɗaya a mota. Na kira ta. Ban gaya mata dalili ba, don Yaya ya roƙe ni, tsoronsa bai bar shi ba. Na ce ranar Asabar da safe ina so na gan ta a wurin jiran bas na bayan sito.

“Gwaggo, kin san ba na bin ta wurin nan.”

“Ban tambaye ki inda kike bi ba. Ni na yi miki tsifa na yi miki kitso shekara takwas, kanki kamar na bushiya. In ba ki zo ba, ki nemi wata Gwaggon.”

Ta zo. Ta tsaya a tsallaken titi kusa da ni, ta harɗe hannu a ƙirji, ta rame ta yi tsawo a idona. Da ta hango ubanta a gindin bangon da bokiti biyu da tsani, ta juya za ta tafi, na damƙe gefen rigarta. Shi ko waiwayowa bai yi ba. Rigar gida ce a jikinsa, jiya ya mayar wa ma'aikata da tasu. Ya tsoma soso a ruwa ya fara daga ƙasa ta gefen dama.

Ruwan toka ya gangaro kan ƙafafunsa. Da farko shuɗi ya fito, shuɗin zanen da matar Yaya ta fi so. Sai gwiwar hannu. Sai yatsu biyu riƙe da jan zare. Launin yana nan garau kamar jiya aka shafa, don allin ya tare masa rana duk shekarun nan. Na ji hannun Bahaguwa ya saki daga ƙirjinta. Masu jiran bas suka fara matsowa, bas ta zo ta tafi ba wanda ya shiga. Dogo, wanda ya zo wai taya shi kwashe kaya, ya tsaya baki buɗe, sannan ya ɗauki bokitin da ya ƙare ya ruga neman ruwa.

Da aikin ya kai sama, Yaya ya jingina tsani ya fara hawa da soso a hannu. Gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya, ƙasan wurin kuma ya jiƙe, tsanin ya dinga rawa. Ban ga lokacin da Bahaguwa ta tsallaka titin ba. Na dai gan ta ta dafe tsanin da hannu biyu, ta taka matakin ƙasa da ƙafa, kanta a sunkuye. Ya leƙo ya ga ko wace ce, ya koma ya ci gaba da wanki. Haɓa ta fito, da leɓen nan a karkace, da idon da ta kanne. Wallahi har na ji kamar matar Yaya za ta ce in zo in zura mata, idonta ya gaji.

Ya sauko a hankali. Suka tsaya kusa da juna suna kallon sama, ba wanda ya dubi wani. Akwai inda fentin ya ɗan ɓare a kafaɗa, da wani tsagi da ya ratsa ta ɗankwali, amma ita ce. Buɗaɗɗen idon ne kawai ya yi dusu-dusu, ba ya kallon kowa.

Yaya ya laluba aljihu ya ciro ɗan gwangwanin farin fenti, ya ɓalle murfin da makulli, ya miƙa mata.

“Kin bar idon,” ya ce.

Ta dubi gwangwanin, ta dube shi. Fuskarta duk ta jiƙe, ta goge da bayan hannu ta karɓa.

“Riƙe min tsanin, Baba.”

Ya riƙe. Ta hau har ƙarshe, ta tsoma ƙaramin yatsanta na hagu, ta ɗiga sau ɗaya. Da ta sauko suka ja da baya har bakin titi. Matar Yaya tana kallonmu ta saman allurarta. Ya daɗe a tsaye, ruwan toka yana ɗiga daga gwiwar hannunsa, sannan ya ce, “Sannu da aiki.” Bahaguwa ta kifa goshinta a kafaɗarsa, a nan bakin titi, shi kuma ya rasa yadda zai yi da hannuwansa don duk alli ne, daga baya dai ya dafa ta a haka.

Kwana biyu zanen ya yi a buɗe. Ranar Litinin da hantsi masu inji suka zo suka fesa masa fentinsu, Dogo ya ce ko minti goma ba su yi ba. Mu ba mu je ba. A lokacin Yaya da Bahaguwa suna tsakar gida su biyu, ya sauko da burusansa daga saman kabad yana kwance tsumman, ita tana auna bangon kicin da taku don su sake zana Ummanta a can, suna gardama a kan inda kunnen zai zauna. Ni kuma na ɗauki ledar sitaci na nufi gidan maƙwabciyata in ba ta haƙuri.